In ci bashi in sauya motata ta lantarki, ko in yi haƙuri da tsohuwar?

Assalamu alaikum. Ina da Nissan Leaf ƙirar 2018 mai batir na kWh 40 (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar lantarki), ta hannu na saye ta shekara huɗu da suka wuce. Zuwa aiki da dawowa kilomita 50 ne a rana, ina cajinta da dare a soket ɗin gareji, kuma a cikin gari ba ta taɓa ba ni kunya ba. Matsalar ita ce zuwa wurin mahaifiyata, kilomita 380, tafiyar da muke yi kusan duk wata biyu. A zuwanmu na ƙarshe sau uku muka tsaya caji, tsayawa ta uku ta fi awa ɗaya, yara suna ta rigima, ni da maiɗakina ba mai ce wa wani uffan. Layukan da ke nuna lafiyar batir sun ragu daga 12 zuwa 10. Abokina mai Hyundai Ioniq 5 ya ce tasa minti 18 take caji. Wani abokin aikina kuma ya ce Tesla Model 3 ba ta shan wuta, abin da zan rage a kuɗin wuta shi zai biya mini bambancin. Ko wacce zan saya sai na ci bashi. Maiɗakina ta ce sam, kwaɗayin sabuwar mota ne kawai, alhali muna da buƙatun da suka fi wannan. Maganar ta fara ɓata tsakaninmu. Ina gaskiyar take, kuma me zan yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa wuri guda, shi ya sa kai da maiɗakinka kuke ta magana ba ku haɗu ba. Akwai maganar shan wuta, wato kWh nawa mota ke ci a kowane kilomita 100. Akwai kuma maganar nisan da batir ke kai ka da saurin da yake ɗaukar caji a hanya. Abokin aikinka ta farko yake yi, mai Ioniq ta biyu yake yi, kai kuwa duk ciwonka a ta biyu yake. Maiɗakinka tana kallon aljihu, kuma a wannan ɓangaren, in faɗa maka tun yanzu, lissafi yana bayanta. Kai ma kana da taka gaskiyar, don zaman awa ɗaya a tashar caji da yara a bayan mota ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ya riƙa isa wurin mahaifiyarsa ba tare da ransa ya ɓaci a hanya ba.

Mu fara da maganar da ta fi saurin mutuwa, wato cewa rage shan wuta zai biya bashin. Tsakanin zirga-zirgar aiki da tafiya shida a shekara, kana yin kusan kilomita 20,000. Mu ƙaddara Leaf ɗinka tana cin kWh 16 a kilomita 100 idan aka haɗa cikin gari da babbar hanya, Model 3 kuma tana cin 14. Bambancin kWh 2 ne a kilomita 100, wato kWh 400 a shekara. Ka ɗauko takardar kuɗin wutarka, ka ninka 400 da farashin kWh ɗaya, sannan ka ajiye abin da ya fito kusa da abin da za ka riƙa biya na bashi a wata ɗaya tak. Ba sai na ƙara komai ba. Ita Ioniq 5 ma juyawa lissafin yake yi: mota ce babba, mai tsayi da faɗi da nauyi, za ta fi Leaf ɗinka shan wuta, ka sa mata kamar 18 a irin tuƙinka, wato ƙarin kWh 400 a shekara. Wanda ya bar motar fetur ya koma ta lantarki yana ganin bambanci babba a kuɗin tafiya. Wanda ya bar ta lantarki ya koma wata ta lantarki, wannan ribar ya riga ya ci ta tun farko. Babban kuɗin da mota ke cinyewa shi ne faɗuwar darajarta, kuma a shekarun farko ta fi faɗuwa, ga ruwan bashi da inshora da ke ƙaruwa da tsadar mota.

Kafin ka yarda da alƙaluman da na ƙaddara, ka auna naka. Akwai tarko guda a nan da yake kama mutane da yawa: lambar da allon gaban mota ke nunawa tana ƙirga abin da ya fita daga batir ne kawai, ba ta ƙirga wutar da ta ɓace a lokacin caji. Wutar gida AC ce, batir kuwa DC yake ajiyewa, kuma na'urar da ke cikin mota mai juya ɗaya zuwa ɗaya tana zubar da wani kaso ya zama zafi. A cajar bango ta musamman asarar takan tsaya wajen kashi 10 cikin 100, a soket na gida takan fi haka, don caji yana daɗewa kuma duk tsawon lokacin kwamfutocin motar a kunne suke suna cin nasu. Su kuma alƙaluman da kamfanoni ke bugawa na gwajin WLTP, wato gwajin motoci da Turai ke amfani da shi, daga bango ake auna su, asarar tana ciki. Idan ka kwatanta lambar allon motarka da lambar takardar tallan wata mota, awo biyu daban ka haɗa. Abin yi shi ne ka samu ƙaramar mitar wuta wadda aka yi ta don ɗaukar irin wannan nauyi, ko ka sa mai aikin lantarki ya ɗora maka mita a layin gareji, ka rubuta lambar kilomita a farkon wata da ƙarshensa, ka raba kWh da suka shiga da kilomitan da ka yi, ka ninka da 100. Wannan ita ce ainihin lambarka.

Haka nan kada nisan da aka rubuta a takarda ya ruɗe ka. Gwajin WLTP, wanda Turai ta fara amfani da shi a 2017, minti 30 ne a ɗaki mai zafin digiri 23, ba na'urar sanyi ba hita, kuma matsakaicin gudun da ake yi a cikinsa bai kai kilomita 47 a awa ba. Na Amurka, EPA, ya fi kusanci da gaskiya. Na Sin, CLTC, ya fi kowanne ba da lamba mai daɗin ji. Mota ɗaya za ta iya samun lamba uku daban, don haka ka tabbata da awo ɗaya kake kwatanta motoci biyu. Leaf irin taka tana sabuwa kilomita 270 aka ba ta a WLTP, 243 a EPA, kuma kai shaida ne ba ta taɓa yin hakan a babbar hanya da iyali da kaya ba.

Dalilin kuwa iska ce. A cikin gari motar lantarki tana jin daɗi, gudu kaɗan ne, kuma duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki a hankali injin yana mayar da wani abu cikin batir. A babbar hanya ba wannan, sai turereniya da iska, kuma ƙarfin da iska ke tura mota baya yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa. Daga 100 zuwa 120 a awa gudu ya ƙaru da kashi 20, turjiyar iska kuwa da kashi 44. A nan siffar mota ke aiki. Lambar da ake auna santsin jikin mota a iska da ita, wadda ƙanƙantarta ita ce alheri, 0.28 ce a Leaf, 0.288 a Ioniq 5, 0.219 a Model 3 da aka sabunta a 2023, 0.21 a Ioniq 6. Ioniq 5 ta kusa da Leaf a lamba, amma gabanta ya fi faɗi da tsayi, iskar da take turewa ta fi yawa. Manyan wili masu faɗin taya suna ƙara sha, tayar da iskarta ta ragu ma haka, akwatin kaya a saman rufi kuwa ya fi su duka ɓarna.

Yanzu ga inda gaskiyarka take. Layi 10 cikin 12 a Leaf yana nufin lafiyar batir tana tsakanin kashi 73 da 79 cikin 100, don layin farko yana ɓacewa ne a wajen kashi 85, sauran kuma kowanne bayan ƙarin kashi 6 da ɗan wani abu. Ko tana sabuwa ba duka 40 ɗin ake iya amfani da su ba, don haka yau abin da ke hannunka kamar kWh 29 ne. A babbar hanya mu ce tana cin 18. Ka tashi daga gida a cike, ka sauko zuwa kashi 10, ka yi kilomita 145. Saura 235, masu buƙatar kWh 42. Kowace tsayawa daga kashi 10 zuwa 80 tana ba ka kWh 20 ne kawai, wato kilomita 110. Tsayawa biyu ba ta cika isa ba sai da dabara, uku ita ce ta kwanciyar hankali. Abin da ya same ku ke nan daidai.

Ita kuma tsayawa ta uku da ta fi awa, ba tashar ce ta lalace ba. Batirin Leaf na wannan ƙirar ba shi da ruwan sanyaya shi, iska ce kawai ke ɗauke masa zafi a hankali. Gudu a babbar hanya yana ɗumama shi, caji mai sauri yana ƙara masa, kuma zafin ba ya samun lokacin fita kafin tsayawa ta gaba. Da kwamfutar motar ta ga zafi ya hau sai ta rage wutar da take karɓa don kare batir. Cajin da ya fara da kilowat 45 (kilowat shi ne ma'aunin ƙarfin caji) a tasha ta farko yana iya komawa 20 da wani abu a ta uku, minti 30 ya zama awa guda. Sanannen hali ne na wannan motar, ba aibun taka ce kaɗai ba. Sai kuma matsalar bakin caji. Leaf ɗinka CHAdeMO take amfani da shi, tsarin da ya fito daga Japan, alhali Turai ta tsaya a kan CCS, Arewacin Amurka tana komawa NACS na Tesla, Sin tana da nata GB/T. A wajen Japan sababbin tashoshi da yawa ba sa sa CHAdeMO, inda aka sa ma sau da yawa guda ɗaya ne, in ka tarar da wani a kai ko ya lalace sai jira. Nissan da kanta ta bar shi a sababbin motocinta na Turai da Amurka. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da kake da shi, ya fi maganar shan wuta nesa ba kusa ba, kuma ban ga ka ambace shi a wasiƙarka ba.

To me sababbin za su yi a wannan hanyar? Ioniq 5 mai batir na kWh 77.4, wanda ake amfani da kamar 74 a ciki, mu ce tana cin 22 a gudun babbar hanya. Daga cike zuwa kashi 10 kilomita 300 ke nan, saura 80, masu buƙatar kWh 18, abin da ba zai kai minti 10 ba a tasha mai ƙarfi. Model 3 ƙarama mai batir na wajen kWh 60, mu ce tana cin 16: za ta yi kilomita 330 ko fiye kafin tsayawa, saura kaɗan. Ka lura da wannan, don shi ne wurin da rashin shan wuta yake da amfani na gaske: ƙaramin batir a mota marar sha ya kai inda babban batir a mota mai sha ya kai. Ba a takardar kuɗin wuta ake ganin ribarsa ba, a hanya ake gani. Duka biyun tsayawa ɗaya gajeriya za su yi, wadda ko ba caji ma da yara dole ku yi ta.

Minti 18 da abokinka ya faɗa gaskiya ne, amma da sharuɗɗa. Daga kashi 10 zuwa 80 ne, a tasha mai kilowat 350 wadda ke iya ba da volt 800, kuma batir yana da ɗumi daidai. A tasha mai 150 zai koma wajen minti 25. A tasha mai 50, Ioniq ba ta fi Leaf ɗinka saurin shan wuta da wani abin kirki ba, kWh 52 ɗin za su ɗauki fiye da awa. A tashoshin volt 400 kuma motar sai ta ɗaga wutar da kanta kafin ta shiga batir, saurin ya ragu sosai. In sanyi ya kama batir, ko motar ba ta ɗumama shi kafin isa tasha ba, minti 18 yana iya zama 30 ko fiye. Wasu Ioniq 5 na farko ba su zo da wannan tsarin ɗumamawar ba, sai ka tambaya. Kada kuma babbar lambar da ake tallatawa ta ɗauke maka hankali. Kololuwar caji mintuna kaɗan take yi, daga nan sauri yana ta sauka, kamar mai cika kwalba da dole ya rage zubawa idan ruwa ya kusa wuya. Shi ya sa daga 80 zuwa 100 kan ɗauki lokacin da ya kusa na 10 zuwa 80, shi ya sa kuma matafiyi ba ya jiran cikawa sai in tasha ta gaba tana da nisa.

Awon da ya fi dacewa ka riƙe shi ne kilomita nawa mota ke samu a minti ɗaya na caji, don ya haɗa saurin caji da shan wuta wuri guda. Ka ɗauki kashi 70 na batirin da ake amfani da shi, ka mayar da shi kilomita da shan babbar hanya, ka raba da mintuna. Ioniq 5 a tasha mafi ƙarfi: kWh 52, kilomita 236, minti 18, wato 13 a minti. Model 3 ƙarama, wadda kololuwarta kilowat 170 ce kuma takan ɗauki minti 25 zuwa 30: kamar 9 ko 10 a minti. Leaf ɗinka idan batir da sanyi: bai kai 4 ba, idan ya yi zafi kuwa 2. A tasha mai kilowat 50 kuma Model 3 ce za ta wuce Ioniq, tunda wuta ɗaya suke samu amma ita ta fi nisa da ita. Ka ga ke nan amsar wacce ta fi tana hannun tashoshin da ke kan hanyar gidan mahaifiyarka. Ka buɗe manhajar PlugShare ka duba kowace tasha: ƙarfinta nawa, bakin caji wane iri, guda nawa, me waɗanda suka je kwanan nan suka rubuta. Sannan ka sa hanyar a manhajar A Better Routeplanner sau uku, da Leaf ɗinka bayan ka gaya mata raguwar batir, da Ioniq 5, da Model 3.

Idan ka gama za ka ga abin da kake shirin saya a zahiri. Zuwa da dawowa sau shida, tafiya 12 ke nan, kowacce ka rage kamar awa ɗaya da rabi: awa 18 a shekara, da kwanciyar hankali a hanya. Sauran kwanaki fiye da 300 sabuwar mota ba za ta yi maka abin da Leaf ba ta yi ba. Kilomita 50 kWh 8 ne, da asarar caji ka ce 9 da rabi, soket mai volt 230 da amp 10 yana ba da kilowat 2.3, awa huɗu ya mayar da abin da ka ci. Ko batir ya sauko kashi 60 zai kai ka aiki ya dawo da kai da saura. Ko awa 18 ɗin nan sun cancanci bashin shekaru, ba ni zan yanke ba, ku biyu ne. A ganina dai, a halin da ka kwatanta, ba su cancanta ba tukuna.

Tunda na ambaci soket, ka ba shi kulawa, don ya fi batir zama abin tsoro. Soket na gida ba a yi shi don ɗaukar nauyi mai yawa na awa huɗu zuwa goma a jere kowane dare ba. Bayan awa ɗaya da fara caji ka taɓa fulogin da bayan hannunka. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da ba za ka iya daɗe da hannu a kai ba, ko canjin launi, ko warin roba, alamar waya ta saki ce ko ƙarfen ciki ya gaji. Kada ka yi amfani da doguwar wayar ƙari, balle wadda take naɗe. Ka sa ƙwararren mai aikin lantarki ya ja wa motar layinta ita kaɗai daga babban akwatin wuta, da na'urar katse wuta idan ta zube wadda ta dace da cajin mota. In da hali a sa cajar bango mai amp 32, wato kilowat 7.4. Leaf 6.6 kawai za ta karɓa, wasu ma 3.6, amma asara za ta ragu, kuma cajar za ta yi wa duk motar da ka saya nan gaba aiki in bakinta ya dace. Da babban batir ma dole ce: cika kWh 74 daga soket ya fi awa 30.

Ga abin da zan so ka gwada kafin ka je wurin dillali. Na farko, ka san ainihin lafiyar batirinka. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanto bayanan kwamfutar mota, da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari da manhajar LeafSpy za su nuna maka kason daidai, da zafin batir, da ko akwai ƙwayar batir da ta fi sauran rauni. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don ƙwaya ɗaya mai rauni takan sa caji ya faɗi farat ɗaya a kan hawa, kuma ana iya canja ɓangaren da take ciki ba tare da an canja batir duka ba. Ka duba takardun garanti ma. A ƙasashe da yawa Nissan ta ba wannan batir shekara 8 ko kilomita 160,000 idan ya sauka ƙasa da layi 9, motar 2018 kuwa a 2026 nata ke cika. Kai kana 10, da wuya ka shiga, amma ka sani ya fi.

Na biyu, ka sauya yadda kake tuƙa ta a wannan hanyar. Ka cika ta a gida a hankali cikin dare, kada ka fara tafiya da caji mai sauri, ku tashi da sassafe batir da sanyi. Ka riƙe 95 zuwa 100 a awa. Za ka ji kamar kana ɓata lokaci, amma a Leaf mai saurin gudu shi ke isa a makare, don gudu yana cinye wuta kuma yana dafa batir, sai ka biya sau biyu a tasha. Ka isa tasha da kashi 10 zuwa 20, ka tashi a 70 zuwa 80, ka sa ido a ma'aunin zafin batir. Ka duba iskar taya da safe kafin ta yi zafi, bisa lambar da ke jikin ƙofar direba. Ka tambayi wakilin kamfanin ko akwai sabunta manhajar batir da ba a yi wa motarka ba, don a wasu ƙasashe an fitar da wadda ta sassauta rage saurin cajin. Akwai kuma mahaɗin da wasu kamfanoni ke yi mai ba Leaf damar caji a tashar CCS. Ba zai ƙara mata sauri ba, tashoshi kawai zai ƙara maka, kuma ba Nissan ta yi shi ba, ba kowace tasha yake yarda da ita ba, wasu masu tashoshin ma sun hana amfani da irinsa. Ka bincika sosai kafin ka sa kuɗi.

Na uku, wanda nake ganin zai fi kashe gardamar gidanku: tafiya mai zuwa ku ɗauki hayar ɗaya daga cikin motocin nan, ku je da ita ku duka. Gani ya kori ji. Za ka san ko minti 18 ɗin yana samuwa a hanyarku, maiɗakinka za ta ji bambancin a jikinta, za ku ga ko kujerun yara da kaya sun shiga, don Model 3 ƙasa take kuma bakin but ɗinta ƙarami ne, Ioniq 5 ta fi ta sarari nesa. Sannan ka ninka kuɗin hayar sau shida ka kwatanta da abin da bashi da inshora da faɗuwar daraja za su ci a shekara. Mutane da yawa a nan suke gano cewa riƙe ƙaramar mota don kullum da ɗaukar haya don doguwar tafiya ya fi sauƙi.

Game da maiɗakinka, ka tuna ita ma tana cikin motar ranar nan, ita ce ma wataƙila ta fi shan rigimar yaran. Wadda ta sha wannan wahalar kuma ta ce a haƙura, ba rashin sanin ciwon ba ne, akwai abin da take tsoro da ya fi shi. Ka tambaye ta mene ne, ka saurara har ta gama. Kalmar kwaɗayi ta yi maka zafi, na sani, amma ka duba zuciyarka: in akwai ɗan sha'awar sabuwar mota a ciki, ba abin kunya ba ne, ka faɗa mata da bakinka. Abin da ke ɓata irin wannan magana shi ne a kawo sha'awa a ce tattali ce, kuma hujjar rage kuɗin wuta da ka kai mata ba ta tsaya ba, wataƙila ta riga ta gane hakan. Ka janye wannan hujjar, ka kawo ta gaskiya: kana so zuwa wurin mahaifiyarka ya daina zama abin fargaba, kana tsoron ranar da za ku isa tasha ba bakin cajin da ya dace da ku. Abokanka kuwa ba ƙarya suka yi maka ba, kowa motarsa yake yabo, kuma ba su za su biya bashin ba.

Ku zauna da takarda ku amince a kan abin da in ya faru za a sauya mota ba tare da sabuwar gardama ba: batir ya sauka layi 8, ko tashar CHAdeMO da kuka dogara da ita a hanya ta rufe, ko lafiyar mahaifiyarka ta sa tafiyar ta koma ta kowane wata ko ta gaggawa. Daga yanzu kuma ka riƙa ware abin da da za ka biya na bashi kowane wata. In kun iya ɗaukarsa wata shida ba tare da gida ya ji ba, ka samu hujja kuma ka samu kuɗin somawa. In ya gagara, ita ta samu tata hujjar ba tare da kun yi asara ba.

Ranar da lokacin ya zo, ka nemi ta hannu mai shekara biyu zuwa uku, wadda wani ya riga ya sha faɗuwar farko. Batir mai ruwan sanyaya yana raguwa ne da kusan kashi 2 a shekara, ba irin na Leaf ba. Ka nemi rahoton lafiyar batir a rubuce, ka tuƙa ta a babbar hanya ka ga abin da take ci a gudun da ka saba, ka kai ta tasha tana ƙasa da kashi 20 ka ga kilowat nawa take karɓa da idonka. Ka tambayi irin batirin: LFP, wato batir marar nikel, wanda ke cikin ƙaramar Model 3 ta shekarun nan, ana cika shi 100 akai-akai, masu nikel kuwa an fi so a tsaya a 80 a kullum sai ranar tafiya. In Hyundai ce ko Kia EV6, ka tabbata an yi mata gyaran na'urar caji ta ICCU da kamfanin ya kira motoci dominsa a 2024. In tashoshin hanyarku masu ƙarfi ne kuma kuna buƙatar sarari, Ioniq 5 ta dace. In masu kilowat 50 zuwa 100 suka fi yawa, ka zaɓi wadda ba ta sha, Model 3 ko Ioniq 6 mai ƙananan wili. Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya, ya daidaita tsakaninku.